A fara da injin hura ganye, a ɗaga wa na yankan ciyawa ƙafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A rukunin gidajen Ikoyi, Lekki da Ikeja GRA, injin hura ganye mai amfani da fetur yana neman maye gurbin tsintsiya, kuma da yawa daga cikin masu goya shi a baya 'yan uwanmu ne masu gadi da masu kula da lambu. Muna roƙon LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ta sa masa doka, amma ta bi abin daki-daki.

Galibin waɗannan injuna tu-sitirok ne, wato fetur da man inji a tanki ɗaya suke. Ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi kan buɗe tare na ɗan lokaci, don haka wajen kashi ɗaya cikin uku na man yakan fice ta salansa bai ƙone ba. Salansar kuwa tana dab da kan mai aikin. Sababbin injuna na son haɗin 50:1, wato mililita 20 na man 2T (man injin tu-sitirok) a litar fetur, tsofaffi kuma 25:1, mililita 40. A nan ake ɓarna: a zuba baƙin man mota da ƙiyasin ido. In ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, hayaƙi ya turnuƙe. In ya yi kaɗan, fistan ya kankare silinda, inji ya kama. Haɗin da ya wuce wata guda a jarka kuma shi ke daskarewa a kafireta.

Ƙarar ta fi hayaƙin damun mu. A kunnen mai riƙe da injin takan kai desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 95 zuwa 100. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan a 100, minti 15 ne kawai. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ga shi ba kasafai maigida ke sayen abin toshe kunne ba.

A Amurka, birnin Washington ya hana injin hura ganye na fetur tun farkon 2022, jihar Kalifoniya kuma ta yi dokar da ta shafi sayar da sababbin ƙananan injunan fetur daga 2024. Su dai suna da wuta tsayayya. A Legas, in da janareta za a yi cajin injin batir da zai maye gurbin na fetur, an gudu ne ba a tsira ba.

Shi ya sa muke cewa a raba injunan biyu. Na hura ganye a fara hana shi a unguwannin zama, domin manjagara da tsintsiya suna yin aikinsa, ba tare da tayar da ƙurar hunturu ko tura shara cikin kwata ba. Na yankan ciyawa a ba shi wa'adi, a ƙayyade masa sa'o'in aiki, a kuma wajabta toshe kunne da kuɗin mai gidan. Tara ma shi za a ci, ba yaron da aka miƙa wa inji ba.

Mai son komawa na batir ya yi lissafi. Batir mai volt 40 da amfiya-awa 5 yana ɗaukar wat-awa 200, kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗin mita, abin da ƙaramar sola za ta cika. Sai dai a aiki mai nauyi bai cika wuce rabin awa ba, don haka a sayi biyu. Zafi ne ajalinsa: kada a bar shi a rana, kada a jona shi yana da ɗumi, a bari ya huce tukuna. Ciyawar damina mai jiƙa tana shanye caji da wuri, gara a jira ta sha iska, a kuma wasa wuƙar.

Wasu makanikan ƙananan injuna,
Agege, Legas