Kafin mu ce babu jari, mu fara sayen littafi da biro

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ara min ɗan fili a shafin wasiƙu, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai, kullum in na buɗe jarida ko na kunna rediyo sai na ji matasanmu maza da mata suna cewa suna so su yi sana'a amma babu jari, gwamnati ta taimaka, masu hali su taimaka. Ba ƙarya suke ba, talauci ya yi yawa kuma ni ma na san zafinsa, amma ni mai sana'ar garin kunu da yaji ce a nan Kano, na taɓa samun jarin a hannuna ya narke ina kallo, shi ya sa nake ganin akwai abin da ba a faɗa wa mutane.

A 2021 na kwashi adashi na dubu 40, a lokacin kuɗi ne masu auki. Na sayi gero da waken suya da gyaɗa da citta da kanumfari, na wanke na shanya na soya na kai inji, na ƙulla a leda na fara sayarwa a unguwa, kuma wallahi kayan sun karɓu, mata masu jego da masu yaye yara suna ta aiko yara saye. Amma wata huɗu kacal na wayi gari ba kaya ba kuɗi. Ba sata aka min ba, ba gobara na yi ba. Kuɗin ciniki da kuɗin cefane jaka ɗaya suke kwana, yau a ce ba kuɗin makarantar allo in zara, gobe maganin zazzaɓi in zara, jibi bikin 'yar ƙawa anko in zara, ga 'yan uwa da maƙwabta masu "ba ni guda uku zan aiko miki da yamma" wanda yammar har yau ba ta yi ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Duk wanda ya zauna a cikin unguwa ya san abin da nake faɗa.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta shekara sama da talatin tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ita ta zaunar da ni. Ba ta yi boko ba, amma gwangwani biyu gare ta, ɗaya na uwar kuɗi ɗaya na riba, kuma na uwar kuɗin nan ko da za a kwana da yunwa ba ta taɓa shi. Ta ce min 'yata ke ciniki kika iya, lissafi ne ba ki iya ba. Ta tambaye ni nawa leda ɗaya take tsaya miki? Na kasa amsa. Na san kuɗin gero da na wake, amma ban taɓa sa kuɗin niƙa a lissafi ba, ban sa gawayi ba, ban sa ledar kanta ba, ban sa kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa ba, balle dusar da ke fita wajen surfe da tankaɗe, domin mudu goma in ya shiga inji ba mudu goma yake dawowa ba. Ashe rabin abin da nake kira riba uwar kuɗina ce nake ci.

Da na sake farawa a 2022 da dubu 25 kawai, abu na farko da na saya littafi ne irin na 'yan makaranta da biro. Duk abin da ya fita in rubuta, ko naira hamsin ce ta ɗan dako, duk abin da ya shigo in rubuta, mai bashi ma da shafinsa da kwanan wata. Na yanka wa kaina ɗan abin da zan riƙa ɗauka duk Juma'a kamar albashi, in ya ƙare ya ƙare. Ban kuma haɗa kaya iri-iri lokaci ɗaya ba, garin kunu kaɗai na riƙe sai da ya tsaya da ƙafarsa kafin na ƙara yaji. Wannan shi ne tsarin, ba wata takarda mai shafi ashirin da turanci ba, kawai ka san wa zai saya, nawa kayan suka tsaya maka, nawa za ka sayar, kuma in wata biyu suka wuce ba ciniki da me za ka ci abinci.

Sannan akwai wani darasi da tsadar rayuwa ta koya mana dole. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce dubu, kuɗin mota ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi tunda injinan da yawa ba da wutar lantarki suke aiki ba, a 2024 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. To a irin wannan yanayin in ka sayar da kaya bisa farashin da ka sayo su ka ɗora 'yar riba, ka koma kasuwa sai ka tarar kuɗin duka da ribar ba za su sayo maka ko adadin da ka sayar ba. Mata da yawa da muka fara tare a nan suka karye, suna ganin suna cin riba alhali kayansu raguwa suke duk zuwa kasuwa. Ni yanzu kafin in sa farashi sai na kira mai sayar min da hatsi a Dawanau na ji yadda kasuwa ta kwana. Kuma duk mai sana'ar da ta shafi hatsi ya san da kaka ake sayen kaya, lokacin da sabon gero da wake suka shigo farashi ya sauka, in kana da ɗan wuri mai kyau da ba danshi ka ajiye, to ka tsira daga tsadar bazara da damina.

Maganar inda za a samo kuɗin kuwa, Malam Edita, a nan ne nake so 'yan uwana su yi hattara sosai. Adashi har gobe ban ga abin da ya kai shi ba ga ƙaramin mai sana'a, ba ruwa ba takardu, sai dai a duba wace ce uwar adashin kuma su waye a ciki. Wata tunkiyarta za ta sayar, wata ɗan kunnenta na gwal, duk ya fi a ci bashi da ruwa a kan sana'ar da ba a ma gwada ba. Manhajojin nan na waya masu ba da bashi cikin minti biyar kuwa, wata ƙanwata ta karɓa don ta sari atamfa, kwana bakwai suka ba ta, kayan ko rabi ba ta sayar ba lokaci ya cika, suka dinga ƙara mata kuɗi kullum suna tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayarta har da surukanta, sai da muka haɗa kuɗi a dangi aka fitar da ita, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babu sana'ar da ke juya kuɗi a kwana bakwai ta biya irin wannan ruwan.

Kuma abin da ke ba ni mamaki, addininmu ya riga ya tsara mana hanya amma mun bar ta. Akwai mudaraba, wani ya kawo kuɗi wani ya kawo ƙarfinsa da iyawarsa, a yi yarjejeniya tun farko yadda za a raba riba, in asara ta zo ba da sakacin mai juya kuɗin ba to mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Haka muka yi da yayana lokacin da na ƙara yaji, ya sa kuɗi muna raba riba, kuma duk da uwa ɗaya uba ɗaya muke sai da muka rubuta a takarda da shaidu biyu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ban ga dalilin da za mu ce kunya muke ji ba. Zumunci nawa ne ya lalace saboda "ai na ba ki ne ki juya" ita kuma tana ganin kyauta ce. Akwai kuma bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo a 2019, suna yin murabaha wato su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani ka biya a hankali, amma ko su ɗin sai sun ga shigar kuɗi da fitarsu a akawun ɗinka kafin su saurare ka, ka ga an sake dawowa kan littafin nan.

Tallafin gwamnati ban ce kar a nema ba. An yi TraderMoni a 2018 ana ba ƙananan 'yan kasuwa dubu 10, a 2024 an yi na dubu 50 ga masu ƙananan sana'o'i, wanda ya samu Allah ya sa albarka. Amma na san masu shekara uku suna cike fom a waya suna jira, ko tsinke ba su fara sayarwa ba. Ga 'yan damfara sun gano lagonmu, su turo saƙo a WhatsApp wai ka biya dubu biyu na rajista ka turo lambar BVN da lambar sirri, dan Allah jama'a duk tallafin da aka ce sai ka fara biyan kuɗi ko ka ba da lambar sirrinka ka gudu.

Talla kuma ni ban fara da waya ba. Ƙananan ledoji na ƙulla na raba kyauta a Islamiyyarmu da gidajen suna, na ce a dama wa yara a ji, gani ya kori ji, kwastomomina na farko na gaskiya daga nan suka fito kuma su suka kawo min wasu. Daga baya na fara sa hoto a sitatus, da rana nake ɗauka a tsakar gida kan faranti mai tsabta, na buga 'yar sitika da sunan kayan da abin da ke ciki da lambata. Ina roƙon 'yan uwana mata masu talla a Facebook da WhatsApp ku riƙa rubuta farashi a fili, wannan "zo ta ciki mu yi magana" korar mai saye yake, mutum sai ya zaci kallon fuska za a yi masa a sa kuɗi. Kuma kar ki ɗauki kuɗi mai yawa ki ba masu mabiya a TikTok su tallata miki alhali in oda hamsin ta shigo rana ɗaya ba za ki iya haɗawa ba, sai ki yi gaggawa kayan su fito ba daɗi sunanki ya ɓaci tun kafin a san shi. Kwastoma ɗaya da ke dawowa duk wata ta fi min masu danna so ɗari biyar, shi ya sa nake da shafi a littafina na sunayensu, in na lissafa garin wata ya kusa ƙarewa sai in gaishe ta in tuna mata.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin 200 da 500 da 1000, shi ya tilasta min buɗe akawun na sana'a daban, kuma alheri ya zame min domin yanzu ina aika kaya Kaduna da Abuja ta tashar Unguwa Uku. Sai dai ba na ba direba kaya sai na buɗe akawun na ga kuɗi da idona, hoton rasit ba kuɗi ba ne, an taɓa turo min na bogi na yi asarar kwali guda. Na yi rajistar sunan sana'a da hukumar CAC, abin da ya rage min lambar NAFDAC, tunda manyan kantuna ba sa karɓar abincin leda sai da ita, su kuma sai sun zo sun duba wurin da ake haɗa kayan, ba zai yiwu a madafin gida ba, to yanzu ɗakin nake tara wa kuɗi.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako, ku je ku zauna da mai shayi da mai POS da tela da mai sayar da awara da masu sari a Kantin Kwari da Singa, ku tambaye su da nawa suka fara, me ya taɓa karya su, yaya suke yi da masu cin bashi, yaya suke sa farashi in kasuwa ta tashi, ku buga da lissafin a fili yadda yarinyar da ta gama sakandare tana zaune a gida za ta karanta ta gane. Ku kuma riƙa bincika mana sanarwar tallafi kafin ta yaɗu ku faɗa mana wacce ce ta gaske. In kun fara ni a shirye nake in kawo muku littafina na farko ku duba, har shafin masu bashin yana nan, sunayen kawai zan rufe.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Daga wata mai sana'ar garin kunu da yaji, Kano.