A Tambayi Wanda Ke Nuna wa Makamin Inda Zai Faɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ja da baƙon da kuka gayyata a shirinku kan tsaro, wanda ya ce da Ghana za ta sayi jiragen da ke harba makamai masu linzami daga sama, da an huta da fargabar iyakar arewa, wai don irin waɗannan makamai ba sa kuskure.

Ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Makamin Hellfire na Amurka, wanda ake ɗaura wa jirgi mai saukar ungulu ko maras matuƙi, nauyinsa bai kai na buhun siminti ba, kuma yana iya cin kilomita 8 kafin ya sauka. Ana haska ɗigon leza a kan mota ko rufin ɗaki, shi kuma ya bi hasken nan har inda yake. Da irinsa aka kashe Ayman al-Zawahiri, shugaban Al-Ƙa'ida, yana tsaye a barandar gida a Kabul, babban birnin Afganistan, a Yulin 2022.

To amma a wannan birnin dai, ranar 29 ga Agustan 2021, an harba shi kan wata mota bayan an shafe sa'o'i ana bin ta da kyamara daga sama. Mutum 10 suka mutu, 7 daga cikinsu yara. Direban ma'aikacin agaji ne, jarkokin ruwa ya loda, masu kallo suka ɗauka abin fashewa ne. Makamin bai kauce ko taku ɗaya ba, inda aka nuna masa nan ya faɗa. Daga baya Amurka da bakinta ta amsa cewa ta yi kuskure.

Ba sai mun je Afganistan ba. A Bounti ta Mali, a Janairun 2021, jiragen Faransa sun saki bama-bamai kan wani taro. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce biki ake yi, farar hula 19 suka rasu, Faransa kuwa ta musanta. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a Disambar 2023, masu Mauludi jirgin soja maras matuƙi ya faɗa wa, aka binne aƙalla mutum 85.

Abin da ya sa na damu, Malam Edita, Burkina Faso da Togo da Mali da Nijar duk sun sayi jirgin yaƙi maras matuƙi Bayraktar TB2 na Turkiyya, kuma mutanenmu na Zango ne ke ratsa Paga da Hamile, kan iyakarmu da Burkina Faso, suna sayo tumatir da albasa da shanu. Wanda ke zaune gaban allo yana sarrafa jirgin, ta yaya zai bambance ayarin fatake da na 'yan bindiga? Maza sun taru a ƙarƙashin bishiya, babura a jere, wasu da rawani. Haka taron suna yake a kowane ƙauyen arewa.

Ban ce kada sojanmu su yi shiri ba, wuta ce ke ci a gidan maƙwabci. Roƙona ku sake shirin, ku kira wani daga Ma'aikatar Tsaro da ɗan kwamitin tsaro na Majalisa, ku tambaye su: wa zai ba da izinin harbi, mutum nawa za su tabbatar kafin a danna, kuma in an kashe bayin Allah wa zai bincika, wa zai biya diyya? Ku kuma buɗe layin waya, direbobin da ke bin hanyar Wagadugu suna da abin faɗa.

Naku mai sauraro,
daga Aboabo, Kumasi