Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Albarkatun Ruwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo ɗaya na zo da shi: a sa mutanen da aikinsu kullum shi ne taka kowace jinga da kowace madatsar ruwa da aka gina da ƙasa, da ƙafa suna dubawa, tun da rani.

Madatsar ƙasa ba ta cika faɗuwa dare ɗaya ba, daga ciki take fara ruɓewa. Ruwa yakan samu hanya ta ramin gafiya, ko gidan gara, ko gurbin saiwar bishiyar da ta mutu, ya riƙa tsattsafowa ta bayan ginin. In ruwan garau yake fita, a sa masa ido. In ya fara fita da laka, to cikin madatsar yake kwashewa, kuma ƙofar da ta fara kamar bakin tulu kan iya zama kwazazzabo cikin sa'o'i. Haka madatsar Teton ta Amurka ta yi ranar 5 ga Yuni, 1976, ana cikin tara mata ruwa karo na farko. Da safe aka ga ruwan laka, kafin azahar ta tafi.

A Derna ta Libiya kuwa, an daɗe ana gargaɗi a kan madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970. A Satumbar 2023 suka ɓalle, dubban mutane suka halaka. Shekara guda bayan nan ruwan madatsar Alau ya shanye Maiduguri.

Zan so ka ja hankalin takwaranka na ayyuka ma. Cikon ƙasar da ake ɗora titi ko layin dogo a kai, da zarar yashi da shara sun toshe kwalbatinsa, ya zama dam ɗin da babu wanda ya tsara, ba shi da mafitar rarar ruwa. Ƙasa kuma, komai daɓenta, ba ta jure ruwa ya haura ta kanta.

Na san yankan ciyawa, cike ramuka da yashe kwalbati ba aikin da ake yanka zare a kansa ba ne, shi ya sa ake mantawa da shi a kasafi. A ba shi nasa kason. A kuma riƙa buga rahoton kowace madatsa duk shekara, tare da lambar da mazauna ƙasanta za su kira ranar da suka ga ruwan laka.

Na gode, ranka ya daɗe.