A Rage Shifta, A Bar Ɗaliban Jami'a Su Buɗe Baki a Aji

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana malaman jami'a a kan abin da ke faruwa a ɗakin lakca bayan malami ya shiga. Ni malamin Fiziks ne, kuma yawancin aikina da 'yan aji ɗaya ne, waɗanda suka fito daga sakandare jiya-jiya.

Duk sanda aka tada zancen taɓarɓarewar ilimin jami'a, kuɗi ake fara ambata, kuma da gaskiyar masu faɗa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 20 a fannin kimiyya, amma mu ɗaruruwa muke tararwa a zaure guda, wasu a tsaye, wasu a kan taga. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai awa biyun nan da ake ba mu da yaran a hannunmu take, ba a hannun gwamnati ba, kuma ita nake so mu duba.

Kowa ya san yadda take tafiya. Malami ya ɗauki makirfo, ya buɗe takardunsa da suka sha jiki, yana karantawa ana rubutawa. Can kusa da tashi ya ce, "Akwai mai tambaya?" Shiru. Jarrabawa ta matso, a shiga karatun kwana, a haddace, a zuba a takarda, a fito a manta. Akwai tambayar da nake yi wa sababbin ɗalibai duk shekara: tirela da keke-napep sun yi taho-mu-gama, wanne ya bugi ɗan'uwansa da ƙarfi mafi yawa? Mafi yawansu tirela suke cewa, alhali waɗannan yaran za su rubuta maka doka ta uku ta Newton ba kuskuren harafi ko ɗaya. Dokar kuwa cewa ta yi ƙarfin bugun daidai yake a ɓangarorin biyu, rashin nauyin keken ne ya sa ɓarnar ta fi yawa a kansa. Haddar na nan daram, fahimtar ce ba ta shiga ba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Farfesa Eric Mazur na Jami'ar Harvard a Amurka ya yi wa ɗalibansa irin waɗannan tambayoyi wajen 1990, ya tarar su ma haka suke, duk da suna cin jarrabawarsa. Daga nan ya sauya salo, ya koma sa ɗalibai su koyar da junansu a cikin aji. Salon nasa nake bi, da kayan da muke da su.

Kowane ɗalibi ya yago falle ɗaya ya ninka gida huɗu, ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe. In yi bayani na minti goma zuwa sha biyar in tsaya. Sai in rubuta tambaya a allo mai amsoshi huɗu, tambayar da hadda ba ta fid da mutum. Kowa ya yi shiru minti ɗaya ya yi tunani shi kaɗai, sannan a ɗaga takardu lokaci guda. Daga inda nake tsaye ina ganin ajin gaba ɗaya. In kusan kowa ya dace, mu wuce. In kai ya rabu, sai in ce kowa ya nemi na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa, ya gamsar da shi cikin minti biyu ko uku. Nan zauren ke kaurewa da musu, wani da Turanci, wani da Hausa, wani da yaren garinsu, kuma ba na hanawa. A sake ɗaga takardu, galibi sai ka ga amsar daidai ta rinjaya. Sai a lokacin nake warware tambayar, kuma a lokacin ne ake saurare na da gaske, don kowa yana so ya ji ko shi ne mai gaskiya.

Dalilin da ya sa abin ke aiki a fili yake. Yaron da ya gane batun minti biyu da suka wuce bai manta inda ya cije masa ba, ni kuwa da na gane shi shekaru aru-aru ban ƙara ganin wuyarsa ba. Akwai kuma 'yan matanmu. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa za ta gama kwas ba ta taɓa ɗaga hannu a gaban ɗaruruwan maza ba, kunya da tsoron dariya sun hana ta. Amma takarda kowa na ɗagawa, kuma ba ta jin nauyin yin musu da ƙawarta da ke gefe. Da yawa daga cikin haziƙan ɗalibaina mata ta haka na gano su.

Wanda ke son hujja, akwai ta. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a kwasa-kwasan kimiyya, lissafi da injiniyanci. Inda ake lakca zalla, kusan 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tunani a cikin aji, kusan 22. A lissafta wannan a aji irin namu, a ga yara nawa ne za su tsira daga maimaita kwas, da iyaye nawa za su huta da biyan kuɗin ƙarin shekara.

Abokan aikina sukan ce, "To yaushe za a gama manhaja?" Tambaya ce mai nauyi, don salon yana cin lokaci. Abin da nake yi shi ne in tura bayanan darasi ta WhatsApp tun kafin ranar, kyauta, ta hannun shugaban aji, sannan wasu ranaku in buɗe darasin da ɗan gwaji na minti biyar wanda makinsa ke shiga makin gwaje-gwajen zango. Lokacin shifta ya koma na tunani ke nan. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A karatun zaure ɗalibi kan yi muɗala'a kafin ya zo, shi ke jan baƙi a gaban malam, malam yana fassara yana gyara masa. Ba a san almajirin da ya sauke littafi bakinsa a rufe ba.

Su ma ɗaliban da farko ba sa so. Wasu sukan ce malam ba ya koyarwa, tambaya kawai yake yi. Wani bincike da Louis Deslauriers ya jagoranta a Harvard a 2019 ya nuna ɗaliban da aka sa aiki a aji suna jin kamar ba su ƙaru sosai ba, amma da aka gwada su sun fi waɗanda aka yi wa lakca maki. Saboda haka tun ranar farko nakan gaya musu abin da za mu yi da dalilinsa. Kuma dole jarrabawa ta bi sahu, domin muddin "kawo ma'anar kaza" za mu riƙa tambaya, hadda za su yi, kuma ba laifinsu ba ne. Haka nan gwajin da ba a mayar wa ɗalibi takardarsa ya ga kuskurensa ba, sai dai a liƙa maki a bango ana gobe jarrabawa, bai koya masa komai ba.

Ina da roƙo ga shugabannin jami'o'inmu. Ana ɗaukar matashi mai digiri mai kyau a miƙa masa aji ba tare da an taɓa nuna masa yadda ake koyarwa ba, sai ya kwaikwayi yadda aka yi masa. Ƙarin girma kuma da yawan maƙalun da mutum ya wallafa ake auna shi, wanda ya kashe kansa a kan ɗalibai ba a ganin aikinsa. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, amma in da shifta za a koyar da ita babu abin da zai sauya. A ware wani abu daga kuɗin horar da ma'aikata na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, a koya wa sababbin malamai dabarun koyarwa kafin su shiga aji, a saka ingancin koyarwa cikin ma'aunin ƙarin girma, sannan a dawo da tutoriyal, a raba manyan azuzuwa rukuni-rukuni ƙarƙashin ɗaliban digiri na biyu da na uku, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin Fiziks a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa