Mu Riƙa Rubuta Tsuntsayen Da Muke Gani Da Hunturu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan kallon tsuntsaye a lokacin hunturu, abin da mutane da yawa ke ɗauka aikin marasa abin yi ne.

Duk shekara, idan sanyi ya kankama a Turai da arewacin Asiya, ƙwari suka yi ƙaranci, tafkuna suka daskare, miliyoyin tsuntsaye kan tashi su nufi kudu. Da yawansu sukan ratsa tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a manyan dausayoyi irin su na Djoudj a Senegal, da fadamun kogin Neja a Mali, da dausayin Haɗejiya da Nguru, da Tafkin Chadi. An daɗe ba a san inda suke zuwa ba, har wasu masana na dā suka yi zaton tsattsewa a cikin taɓo take kwanciya sai bazara. A shekarar 1822 ne aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta, wanda ta yi doguwar tafiyar nan tana ɗauke da shi. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne, yawancin abin da aka sani game da ƙaruwa ko raguwar tsuntsaye daga littattafan masu sa-kai ya fito. A Amurka, a 1900, wani masani mai suna Frank Chapman ya ba da shawarar a daina gasar harbin tsuntsaye da ake yi ranar Kirsimeti, a koma ƙirga su. Mutum 27 ne kacal suka fita a karon farko, kuma ana ci gaba da wannan ƙidaya har yanzu. Haka nan tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama cikin kowane watan Janairu, saboda a lokacin ne suka fi zama wuri guda.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata 'yar mitsitsiyar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro da ke hayayyafa a Birtaniya. A bazarar 1969 masu ƙidaya suka ga fiye da kashi biyu cikin uku nata ba su dawo ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin da ya auka wa yankin Sahel, inda take cin hunturunta, shi ne ya hallaka su. Da ba don wasu sun yi shekaru suna rubuta adadin da suke gani a gona ɗaya ba, da ba wanda zai iya cewa ga girman asarar.

Aikin kuwa ba shi da wuya. Mutum ya fita da sassafe, ya riƙa komawa wuri ɗaya, ya rubuta kwanan wata da lokaci da irin tsuntsun da adadinsa. Ranar da bai ga komai ba ma ya rubuta, domin ita ma shaida ce. Idan bai tabbatar da abin da ya gani ba, ya bayyana kamanninsa kawai, kada ya laƙa masa suna. Haka za a yi wa sauran namun daji, ko da sawu ne aka gani a bakin ruwa. Sai dai ina jan kunnen masu zumuɗin ɗaukar hoto da su bar korar garken tsuntsaye don su tashi sama, domin kitsen da suke tarawa shi ne guzurinsu na komawa.

Don haka nake roƙon jaridar nan ta ware ɗan gurbi kowane mako, daga Nuwamba zuwa Maris, inda za a riƙa buga abin da masu karatu suka gani. Idan rahoto ya shafi dabba ko tsuntsun da ya yi ƙaranci, a ambaci yankin kawai, a sakaya ainihin wurin saboda mafarauta.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu