Baƙonku Na Daren Talata Bai Karanta Ƙa'idar Da Yake Kushewa Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Talata maganar baƙon shirinku na rediyo ke ci mini rai, wai tambayar mai gini yadda gininsa zai sha wuta kafin a ba shi izini ƙarin wahala ce da aka kwaso daga Turai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mai gabatar da shirin ya amsa masa da "haka ne" ya wuce tambaya ta gaba, ko musu bai yi masa ba. Sau shida na kira layinku bai shiga ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ni mai zanen gine-gine ne, shekarata 14 a wannan aiki, kuma na rantse mutumin nan bai taɓa buɗe takardar da yake suka ba. Da ya buɗe da ya ga ba wani jibgegen littafi ba ne. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar a 2017 lokacin Babatunde Fashola yana minista, abu huɗu take nema daga mai gina ofis. Kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, in sun wuce a yi musu inuwa. A shimfiɗa abin tare zafi a rufi, wanda in irin mai kama da audugar nan ne kaurin santimita 5 ya wadatar. Kada fitilu su ja fiye da wat 8 a kowace murabba'in mita. Iyakwandishan kuma ya zama mai inbata, wanda sanyin da yake bayarwa ya kai ninki 2.8 na wutar da yake ja. Wanda yake son fita daga waɗannan iyakoki an bar masa hanya ta biyu, ya sa a gwada gininsa a kwamfuta a nuna ba zai fi shan wuta ba. Ina wahalar take a nan?

Bari in gaya muku abin da ya same ni, don shi ne ya hana ni barci bayan shirin.

Bara waccan wani dattijo ɗan kasuwa, sa'an mahaifina, ya ba ni aikin zana masa benen ofisoshi hawa uku. Filin yana kallon yamma, bakin titi. Ranar farko ya ciro waya ya nuna mini hoton wani bene a Dubai, gilashi tun daga ƙasa har sama, ya ce irinsa yake so. Na ce, "Baba Alhaji, ranar la'asar gabaɗaya a fuskar ginin nan za ta riƙa sauka." Na zauna na auna masa. Bangon gaba mita 12 ne a faɗi, 9 a tsayi, wato murabba'in mita 108. Kason da ƙa'ida ta yarda ya zama taga bai kai 22 ba, shi kuwa yana neman kusan 80. Mun yi mako biyu muna ja-in-ja kafin ya sauko. Na rage tagogin, na fito musu da 'yar rumfar kankare a bisa kowacce, na sa abin tare zafi ƙarƙashin kwano, na lissafa fitilun kowane ɗaki. Duk na tattara lissafin a shafi huɗu, na sa hannu, na maƙala a bayan zanen.

Muka tafi ofishin ba da izinin gini ni da yaron Alhaji. Jami'in ya jawo fayil yana dubawa ɗaya bayan ɗaya: takardar mallakar fili, zanen gini, zanen ƙarafa da hatimin injiniya, gwajin ƙasa, shaidar biyan haraji, rasit. Da ya iso shafukana huɗu ya ɗan tsaya, ya juya su gaba da baya, sannan ya zare su daga fayil ɗin ya miƙo mini. Ya ce, "Akitek, riƙe abinka, wannan ba ya cikin abin da muke karɓa." Bai yi da wulaƙanci ba, cikin fara'a ma ya faɗa. Amma yaron Alhaji yana tsaye yana ji.

Kafin magariba wayata ta yi ƙara. "Ɗana, ashe abin da ka dame ni da shi mako biyu ko gwamnati ba ta tambaya?" Shi ke nan magana ta ƙare. Da gini ya kai fuskar gaba aka kira masu alminiyam suka lulluɓe ta da gilashi. Kafinta ya buga kwano, ya buga silin, ba komai a tsakani. Aka sayo iyakwandishan na gwanjo aka rataya. Masu duba gini sun zo sau biyu, suka auna tazarar ginin da titi suka tafi, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa.

A watan Afrilun da ya wuce na koma ginin, wajen ƙarfe uku na rana. A hawa na sama akwai wata baiwar Allah mai aikin akanta da ma'aikatanta biyar. Na tarar ta liƙe gilashin da kwalayen taliya, ta ɗora labule mai kauri a kai, ta kunna fitilu duka saboda ɗakin ya yi duhu, alhali rana tsaka ce a waje. Iyakwandishan uku suna ta gurnani, ga fanka a tsaye tana kaɗa takardu, amma yaran duk sun jiƙe da gumi. Na hau kujera na ɗora tafin hannuna a silin, sai da na janye. Da aka gaya mata ni na zana ginin, ta dube ni ta ce, "Malam, kai ka yi mana wannan tanderun?" Wallahi ban iya ba ta amsa ba. Shafukan nan huɗu har yau suna cikin durowata.

Baiwar Allahn nan mai aikin akanta ita ke sayen katin mita, ba Alhaji ba. Layinsu na rukunin A ne, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗinsa a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku na da. In an ɗauke wuta kuma ita da sauran 'yan haya ke haɗa kuɗin man janareta. Alhaji ya karɓi hayarsa ta shekara ya sa aljihu. Wannan shi ne abin da baƙonku ya ƙi faɗa, domin shi ma mai ginawa ya ba da haya ne. Wanda ya zaɓi gilashin daban, wanda zai yi shekara da shekaru yana biyan kuɗin sanyaya shi daban, kuma na biyun ba ya nan ranar da ake zane. Wa zai tsaya masa? Teburin ba da izini ne kaɗai inda za a tsayar da mai gini a tambaye shi, tun bulo ɗaya bai hau ba. Tun ran gini tun ran zane. Bayan an buga silin an yi fenti, wa zai yarda a ɓaɓɓake masa rufi?

Baƙonku ya ce kuɗin gini zai ƙaru. Ya je ya tambayi farashin murabba'in mita ɗaya na bangon bulo da filasta, ya tambayi na gilashi da alminiyam, sannan ya dawo ya gaya wa masu sauraro wanne ya fi tsada. Na yarda abin tare zafi kuɗi ne, na yarda iyakwandishan mai inbata ya fi na gwanjo tsada. Amma ɗakin da rana ba ta dukansa kai tsaye, rufinsa ba ya zubo zafi, biyu za su ishe shi inda da uku suka kasa.

Batun Turai kuwa, gaskiya ne hukumar GIZ ta Jamus da Tarayyar Turai sun tallafa wajen tsara ƙa'idar. To sai me? Zafinmu aka auna aka rubuta ta. Duk wanda ya taɓa shiga zauren gidan ƙasa da azahar a tsakiyar bazara, ko ya shiga Gidan Makama a Kano, ya san kakanninmu sun riga kowa sanin amfanin bango mai kauri da ƙaramar taga da rufin azara da aka danne da ƙasa. Abin da aka kwaso daga waje shi ne benen gilashin da ke wayar Alhaji.

Ban ga laifin jami'in nan ba, jerin da aka ba shi yake bi. Izinin gini hurumin jiha ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2003 a shari'ar Legas da Gwamnatin Tarayya, don haka ƙa'idar Gwamnatin Tarayya ba ta da haƙori sai jiha ta ɗauke ta ta sa cikin dokarta. Tambayar da ya kamata shirinku ya yi ke nan: me ya hana jiharmu yin haka? Ku gayyato wanda ke da alhakin abin, ku gayyato injiniyan wuta, ku gayyato ɗan haya ko ɗaya. Na san masu cewa kowace sabuwar takarda sabuwar ƙofar karɓar na goro ce, kuma tsoronsu yana kan hanya, ni ma na sha gani. Shi ya sa nake cewa a yi shi fom mai shafi ɗaya, lamba huɗu, mai zane ya sa hannu da lambar rajistarsa, mai duba gini ya zo da tef ya auna taga, ya leƙa saman silin kafin a rufe. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya a kai shi gaban hukumar da ta yi masa rajista.

Sannan don Allah, Malam Edita, ku duba tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakowa a tsakiyar shirin. Ƙararsa ta ninka ta shirin, kullum sai na yi tsalle na rage rediyo don kada yara su farka, ga kalmomin da bai kamata a ji su a tsakar gida ba. A daren Talatar ma shi ya katse wata mata da ta bugo tana bayanin kuɗin wutar shagonta, kuma da aka dawo ba a sake neman ta ba. Ku neme ta, ku bar ta ta ƙarasa maganarta.

Wassalam.

Mai sauraronku na kullum,
wani mai zanen gine-gine.