A Riƙa Gwada Masu Wankin Kafet Kafin a Miƙa Musu Kayan Jama'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata sana'a da ta bazu a garin Kaduna ba tare da an tsaya an tambayi inda masu ita suka koya ba, wato wankin kafet da darduma. Daga Kawo har Barnawa, da wuya ka gifta wurin wankin mota ba ka ga kafet a shanye a kan katanga yana ɗigar ruwa ba. Duk wanda ya samu tiyo da buroshi da ƙullin omo ya zama mai wankin kafet. Neman halak ba laifi ba ne. Damuwar ita ce mai kaya ba shi da yadda zai bambance wanda ya san aikin da wanda zai koya a kan kayansa. Takardar shaidar ƙwarewa ce za ta raba wannan gardama, amma fa irin wadda ake bayarwa bayan an ga aikin mutum da ido.

Wani zai ce ai wanki ne, mene ne abin jarrabawa a ciki? To, a ɗauki tambayar farko da ya kamata mai wanki ya amsa tun kafin ya buɗe famfo: da wane zare aka saƙa wannan kafet? Yawancin masu sauƙin kuɗi da ke kasuwa na zaren roba ne, irin wanda ake kira folifurofilin. Akwai na nailan, akwai na ulu, wato gashin tumaki, akwai kuma mai sheƙi da ake sayarwa da sunan siliki alhali biskos ne, zaren da aka sarrafa daga itace. Wanda aka horar zai tsinko ɗan zare daga lungun da ba a gani ya sa masa ashana. Ulu yana warin babbakar gashi, tokarsa kuma tana murmushewa a yatsa. Nailan narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri. Auduga da biskos suna ci da wuta da ƙaurin takarda. Folifurofilin kuwa ko a kofin ruwa aka jefa shi zai taso sama, domin ya fi ruwa rashin nauyi. Gwajin bai kai minti biyu ba, amma shi ke faɗin abin da za a zuba da wanda ba za a zuba ba.

Ga dalili. Ruwan bilic, wanda aka fi sani da Hypo ko Jik, ba ya yi wa launin folifurofilin komai saboda tun a narke aka rina shi. A zuba wannan ruwa a kan ulu kuwa, zaren ne da kansa zai narke, ba launi kaɗai ba. A kan nailan kuma zai bar farin tabo da ba ya komawa. Biskos da zarar ya jiƙe ƙarfinsa ya ragu sosai, buroshi mai kaushi zai tsefe shi, idan ya bushe kuma ya yi rawaya ya sandare. Yaron da ya saba da kafet ɗin roba ya wanke ɗari lafiya lau, ranar da aka kawo masa dardumar ulu ta amarya sai ya yi mata abin da ya saba, shi ke nan an shiga rigima.

Sai batun sabulu, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an sani ba. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Omon wankin tufafi yana kaiwa wajen 10 zuwa 11. Ulu kuwa ba ya son abin da ya yi nisa da tsakiya, domin kanwa mai ƙarfi tana kwance rini, ja ya malala cikin fari. Shi ya sa ake ɗiga maganin wankin a wani lungu, a danna farin ƙyalle na ɗan lokaci, a duba ko launi ya biyo shi. Ko a kan kafet ɗin roba ma omo yana da illarsa. An yi shi ne don tufafin da za a ɗauraye cikin ruwa mai yawa, kafet kuwa ba ya ɗaurayuwa haka. Ragowar sabulun tana bushewa a jikin zare da danƙo-danƙo, ta riƙa kama ƙura. Wannan ne asalin ƙorafin da mata ke yi cewa kafet in an fara wanke shi ya fi saurin datti. Ba wankin ba ne, sabulun da aka bari ne. Kuma yawan magani ba ya ƙara tsabta. Idan kwalba ta ce kashi 1 cikin 32 na ruwa, ma'anarsa kimanin mililita 30 a kowace lita, wato mililita 625 a jarka mai lita 20. Wanda bai iya wannan lissafi ba tuttulawa zai yi da ido, ya yi asarar kuɗinsa ya kuma ɓata kayan mutane.

Tsarin aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. A fara da zuƙe busasshiyar ƙura da inji, a hankali, gaba da baya, domin mafi yawan dattin kafet ƙasa ce da yashi, ba maiƙo ba, balle a garin da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya tsallake wannan mataki ya watsa ruwa, taɓo ya kwaɓa a gindin zare. Daga nan a fesa magani, a goga da buroshi mai laushi, a bar shi minti 10 zuwa 15 ya ci datti amma kada ya bushe. Sannan a ɗauraye da injin da ke fesa ruwa yana zuƙewa, ja ɗaya da ruwa, ja biyu babu ruwa. Sai shanya.

Shanyar nan ita ce rabin sana'ar. Abin da ake nema shi ne kafet ya bushe cikin awa 6 zuwa 8, kada dai ya wuce kwana guda, saboda fumfuna tana fara kama abu mai danshi tsakanin awa 24 zuwa 48. A watan Janairu wannan ba wuya, iska kaɗai ta isa. A watan Agusta kuwa, lokacin da Kaduna ke kwana ta wuni cikin hadari, wanda ya jiƙa kafet sharkaf da tiyo ya naɗe shi ya kai wa mai shi da ɗan sanyi-sanyi, wari ya kai masa gida. Turaren wuta ba zai kashe wannan wari ba, kuma mai ciwon asma da jariri mai rarrafe su ne za su fara biya. Yawan ruwa yana da wasu illolin. Kafet da yawa bayansu zaren algarara ne. In ya jiƙe sosai yana fitar da launin ƙasa-ƙasa, wanda ke hawowa ta cikin zare ya zauna a sama yayin bushewa, sai a ga jirwaye a inda da babu. Algarara da auduga kuma suna tsukewa, kafet ɗin da ya cika ɗaki ya dawo ya bar tazara a jikin bango. Waɗanda aka manne bayansu da danƙo, ruwa da ƙarfin tiyon wankin mota suna sa danƙon ya saki, bayan ya rabu da gaba, kafet ya yi tudu-tudu. Ƙwararre ya san maganin jirwayen algarara: ɗauraya da ruwa mai ɗan tsami, a rage jiƙawa, a sa fanka ta busa a kan fuskar kafet. Wanda bai sani ba zai sake wankewa da ƙarin omo, abin ya ƙara muni.

Tabo ma kowanne da hanyarsa. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare. Manja da man shafawa ba sa jin ruwa, sai maganin narkar da maiƙo, a ɗiga a ƙyalle a riƙa dannawa daga gefe zuwa tsakiya, ba a tuttula shi ya ratsa ya cinye danƙon baya ba. Shayi da zoɓo da goro sun fi jin magani mai tsami, kanwa tana iya ƙara zaunar da su. Cingam a ɗora masa ƙanƙara ya daskare a ɓamɓare. Lalle kuwa rini ne, in ya kama ulu ko nailan da wuya ya fita, haka ma ramin da garwashin kasko ya narkar. Faɗa wa mai kaya wannan gaskiya tun kafin a fara aiki, shi ma yana cikin abin da ake koyarwa. Haka nan kafet ɗin da ambaliya ta shafe, kamar yadda kan faru a unguwannin bakin Kogin Kaduna idan ya yi toroƙo: ruwan da ya haɗu da na kwata da masai ba a wanke shi a mayar ɗaki, shawarar gaskiya ita ce a rabu da kafet ɗin. Ga kuma lafiyar mai aikin kansa. Haɗa bilic da maganin wankin masai mai tsami yana tayar da iskar kulorin, haɗa shi da amoniya ma guba ce, a rufaffen ɗaki tana iya kayar da mutum.

Kwamitocin masallatai su ne ya fi kamata su damu da wannan magana, don su ke da shimfiɗa mafi faɗi, kuma galibi ba a iya ɗage ta a fitar. Ana wankewa a inda take, tsakanin salla da salla, goshin jama'a kuma a kanta yake sauka. A mazhabar Malikiyya najasa ba ta gushewa a hukunce sai da ruwa tsantsa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba. Ke nan wanda ya goge fitsarin yaro da ruwan kumfa ya tafi bai ɗauraye ba, bai gamsar da malami ba, bai kuma gamsar da sana'a ba, domin gishirin fitsari yana nan a gindin zare, da damina ta kawo danshi zarni zai taso.

To wa zai yi gwajin? A Amurka akwai cibiyar IICRC mai ba da shaidar ƙwarewa a sana'ar tsabtacewa, wadda aka kafa a 1972, tana da rubutaccen ƙa'idar wankin kafet mai lamba S100, tana kuma ba da shaida ga wanda ya yi kwas ya ci jarrabawa. Kuɗinta da dala ne, karatunta da Turanci, don haka ba ita ce mafitar yaron Rigasa ba, sai dai a ɗebi ilimin. Mu a nan ba mu rasa inda za mu dosa ba. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta a nan Kaduna take, ita ce kuma ke riƙe da tsarin shaidar ƙwarewar sana'o'i na ƙasa. A cikin tsarin akwai hanyar tantance wanda ya koyi aiki a hannun ubangida bai shiga aji ba, a gwada shi a wurin aikinsa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ma ta daɗe tana gwajin sana'a mai mataki uku. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga asusun horar da ma'aikata na ITF. Abin da ya rage shi ne masu wankin kafet su haɗa kansu su zama ƙungiya, su je su ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi, don hukuma ba ta zama da mutum ɗaiɗai.

A kula, rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba ita nake nufi ba. Wannan tana nuna sunan kasuwanci ne kawai, ba ta ce mai ita ya san ulu daga nailan ba. Kuma ban yarda da takardar taron kwana ɗaya a otal ba, inda ake biyan kuɗi a ci abinci a ɗauki hoto. Irin wannan ta fi rashin takarda illa, saboda tana sa mai kaya ya saki jiki. Gwajin gaskiya shi ne a ajiye wa mutum guntayen kafet iri huɗu ko biyar ya faɗi zaren kowanne, a ba shi kwalba da jarka ya auna, a zuba masa manja da shayi ya fitar, a dawo washegari a shafa a shinshina. A yi tambayoyin da Hausa, da baki ga wanda bai iya rubutu ba. Kuɗin gwaji kada ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, kuma kada takardar ta zama wata sabuwar hanyar kamen talaka a titi. A bar ta ta zama zaɓi, kasuwa da kanta za ta tura mutane.

Za ta tura su kuwa, domin ribar a fili take. Otal-otal da bankuna da ofisoshin gwamnati takardu suke tambaya kafin su ba da aiki, shi ya sa mai hannu da kyau yakan ƙare a matsayin ɗan ƙwadagon wanda ke da fayil. Mai shaida yana da bakin da zai kare farashinsa idan aka ce masa wane ya fi shi araha, ya auna ɗaki ya ce ƙafa 12 sau 12 murabba'in ƙafa 144 ne, ga kuɗin kowace ƙafa. An kuma koya masa ya duba kaya tare da mai shi kafin ya taɓa, ya ɗauki hoton tsohon tabo da yagewa da waya, ya rubuta a rasit, wanda hakan kaɗai zai rage yawan ƙarar da ake kai wa mai unguwa da 'yan sanda. Idan kuma ya yi ganganci, akwai lamba a takardarsa da wurin da za a kai kuka.

Kafin a kai ga wannan, magidanta da kwamitocin masallatai da iyayen amare su riƙa yi wa mai wanki tambaya uku: wane zare ne wannan, me za ka zuba masa, awa nawa zai yi ya bushe? Wanda ya ce duk ɗaya ne, a karɓe kaya a nemi wani.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai sana'ar tsabtace gidaje da ofisoshi,
Tudun Wada, Kaduna.